Kwana Nawa? Tukuna Faɗa Mini Sunan Ƙwayar

Ɗana, tambayarka ita ce: yaron da ƙwayar cuta ta shiga jininsa, yana kwance a ɗakin kulawa ta musamman, kwana nawa za a yi ana ba shi antibayotik, 7 ko 14? Ka ƙara da cewa ka karanta a wayarka yanzu kwana 7 ya wadatar, kuma ga shi zazzaɓin yaron ya sauka. Da ba ka kawo zancen zazzaɓin nan ba, da sai in ce ka je ka buɗe littafi. Amma ka taɓa mini tsohon miki, don haka zauna ka ji.

Ba zan ɓata bakina wajen koya maka ɗibar jinin shuka, wato jinin da ake kaiwa ɗakin gwaji a ga ko ƙwayar cuta za ta tsiro a cikinsa, kafin allurar farko ba, ko lissafin magani da nauyin yaro, ko cewa yaron da ƙarfin bugun jininsa ya faɗi ana so magani ya shiga jijiyarsa cikin awa 1. Wanda bai san wannan ba, bai kamata a bar shi ya tsallaka ƙofar ɗakin nan ba.

Abin da ka karanta na san shi tun kafin ya iso wayarka. Binciken BALANCE ne, wanda likitocin Kanada suka jagoranta, aka buga shi a 2024. Sun ɗauki marasa lafiya 3,608 a asibitoci 74 na ƙasashe 7, wasu aka ba su magani kwana 7, wasu 14. Bayan kwana 90, kashi 14.5 cikin ɗari na 'yan kwana 7 sun rasu, na 'yan kwana 14 kuwa kashi 16.1. Aiki ne mai kyau, kuma na yarda da shi. To amma ku yaran yanzu kanun labari kawai kuke karantawa. Manya aka gwada, ba yara ba. Kuma tun daga farko suka ware duk wanda ƙwayar Staphylococcus aureus, wadda muke kira Staf, ce a jininsa, da wanda garkuwar jikinsa ta rushe, da mai ƙwayar Kandida, wadda nau'in fungas ce, da wanda ciwon ya kama ƙashi ko ƙofar zuciya. Wato ainihin mutanen da gajeren magani zai iya hallakawa ba su shiga lissafin ba. Idan ka ɗauko wannan bakwai ɗin ka ɗora wa kowane yaro, ka yi wa masu binciken ƙarya.

Shekarun baya an kawo mini wani yaro ɗan shekara 6, jiki ya yi sanyi ƙalau, bugun jini da ƙyar ake jinsa, ido ya kakkafe. Muka tsaya a kansa ba dare ba rana, da ƙarin ruwa da maganin ɗaga jini, har Allah Ya sa ya dawo. Sakamakon shuka ya fito, Staf ce, mai jin maganin kuloksasilin. Da hannuna na rubuta a katinsa cewa a sake ɗibar jini har sai ya fito tsaf, daga ranar a ƙirga aƙalla kwana 14 ta jijiya, a yi hoton zuciya, a riƙa latsa ƙasusuwa da gaɓoɓinsa kowace safiya. Sai tafiyar aiki ta kama ni, na miƙa ɗakin ga wani abokin aiki.

A kwana na biyar zazzaɓi ya sauka, yaro ya tashi zaune yana neman abinci. Mutumin nan ya dube shi daga ƙafar gado, ya ga ana neman gadon, ya sallame shi da kwalbar amoksisilin na sha. Amoksisilin! Maganin da ɗalibin shekarar farko ma ya san yawancin Staf na narkar da shi. Bai sake shuka jini ba, bai aika hoton zuciya ba, rubutuna kuma yana nan a shafin da ya buɗe ya rubuta nasa a ƙasa. Da na dawo na tarar da wani yaron a gadon, na tambaya, aka ce ai ya warke an sallame shi. Na sa a nemo iyayen, lambar da suka bari ba ta shiga.

Bayan kamar mako uku uban ya shigo da shi a kafaɗa. Ba ya iya taka ƙafar hagu, ko zanen gado ya taɓa cinyar sai ya ƙwalla ƙara. Likitocin ƙashi suka buɗe kwankwason suka tarar da mugunya, kan ƙashin cinya ya riga ya fara lalacewa. Hoton zuciyar da na nema tun farko sai a lokacin aka yi, ga dunƙulen ƙwayoyin cuta manne da ƙofar zuciya yana kaɗawa da kowane bugu. Muka sake ɗaura yaƙi daga farko. Muna tsaka da shi wani ɓangaren dunƙulen ya ɓalle ya tafi ƙwaƙwalwa, rabin jikinsa ya shanye, bayan kwana biyu ya cika. Allah Ya ji ƙansa.

Uban ni ya tsare a baranda, don sunana ne a saman kati. Ya ce mini, kun ce ya warke. Ban iya ce masa ba ni na faɗa ba, domin wanda ya rasa ɗa ba ya bukatar jin rigimar likitoci. Shi kuwa wanda ya yi sallamar, da aka zauna taron bitar mace-mace, cewa ya yi ai yaron ba shi da zazzaɓi ranar da ya tafi. Har yau bai ce ya yi kuskure ba, kuma har yau idan na tuna da kwalbar nan raina yana ɓaci. Ajali na Allah ne, na sani, amma yaron da muka ƙwato daga bakin mutuwa aka saki da wasa saboda an ƙi karanta layi huɗu.

Shi ya sa idan ka zo mini da tambayar kwanaki, abin da zan fara nema shi ne sunan ƙwayar. Staf dabi'arta ke nan, tana bin jini ta je ta ɓuya a ƙashi, a gaɓa, a zuciya, ta yi shiru kamar garwashin da toka ta rufe. Mafi ƙarancin abin da za ka ba ta kwana 14, ana ƙirgawa daga ranar da jini ya fara fitowa babu ƙwaya, ba daga ranar da aka kwantar da yaro ba. Wannan ƙirgar ce yawancinku kuke kuskurewa. Idan jinin ya ƙi tsarkaka bayan kwana biyu zuwa uku ana magani, ko ka gano ta kama zuciya, to maganar ta koma mako 4 zuwa 6. Kandida ma haka, kwana 14 daga shukar farko da ta fito tsaf, a zare bututun jijiya, a duba cikin ido da zuciya.

Bayan suna, sai inda ta fito da inda ta je. Idan ta haura kai ta zama sanƙarau, kowace ƙwaya da nata: Meningokokus kamar kwana 7, Nimokokus 10 zuwa 14, irin su E. coli a jariri kwana 21. Yaro mai sikila da Salmonella a jini, kada ka yarda ka tsayar da magani sai ka tabbatar ƙasusuwansa lafiya lau suke.

Sai tushen ciwon. Wannan bututun da muke sakawa a babbar jijiyar wuya ko ta cinya, ƙwayoyi suna manne masa su yi wata irin yauƙi da magani ba ya ratsawa sosai. In Staf ce, ko Kandida, ko Sudomonas, zare shi, kada ka tsaya tausayin wahalar da ka sha wajen saka shi. Ƙurjin da ya tara mugunya a ciki ko a ƙirji, wuƙa ko allurar zuƙa yake bukata. Ko wata guda ka yi kana ɗura babban magani irin meropenem alhali mugunya na nan kwance, ɓata lokacin yaron kake yi.

To, kada kuma ka ji labarina ka koma ɗaya gefen, don nan ma akwai masu kashe yara, su kuma da tsoro. Na ga matasan likitoci da ke barin yaro a kan manyan magunguna uku har mako uku, wai don kada a ce sun yi sakaci. Kowace rana da ka ƙara tana da kuɗin da jikin yaron ke biya. Jentamaisin na taɓa ƙoda da ji, bankomaisin na taɓa ƙoda, ƙwayoyin hanji masu amfani suna mutuwa Kandida ta samu fili, bututun jijiya ya daɗe har ya jawo sabon ciwo. Ga kuma ƙwayoyin da ke koyon bijire wa magani su zauna a ɗakin su jira yaro na gaba. Ƙiyasin da aka buga a mujallar Lancet ya nuna mutum miliyan 1.27 suka mutu a 2019 saboda ƙwayoyin da suka daina jin magani, kuma kusan ɗaya cikin biyar yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. Saboda haka yaron da E. coli ta shiga jininsa daga mafitsara, garkuwarsa lafiya, bai da sanƙarau, jininsa ya daidaita, yana ci yana sha, kwana 7 zuwa 10 sun ishe shi, kuma ba na jin kunyar tsayarwa. A nan ne takardar da ka karanta take da amfani. Kuma da zarar ɗakin gwaji ya faɗi maganin da ƙwayar ke ji, sauko daga babban magani zuwa ƙaramin da ya dace da ita a ranar, kada ka jira sai na zo zagaye.

Wani abin da ke ba ni haushi da ku shi ne bautar sakamakon CRP, gwajin jinin da ke nuna kumburi a jiki. Lamba ta ɗan motsa, kun ƙara kwana biyar. Ta sauka, kun sallami yaro, ba wanda ya yaye zane ya lanƙwasa gwiwa, ya latsa ciki, ya duba bakin bututu ko ya yi ja. Lambar tana taimakawa, ni ma ina dubawa, amma bayan na taɓa yaron. Haka kuma idan kwalba ɗaya ta tsiro da wata irin Staf dabam da ke zaune a fata a yaron da ba shi da bututu kuma ya murmure, ka fara zargin hannun da ya ɗebi jinin kafin ka ɗaure yaro da allurar mako biyu.

Jarirai bakwaini su suka fi shan wannan wahalar. Ana fara musu magani bisa zato, kuma daidai ne a fara. Amma idan awa 36 zuwa 48 ta cika, shuka ba ta tsirar da komai ba, jariri yana numfashi lafiya yana karɓar nono, tsayar da maganin, domin daɗewa a kansa ba dalili yana ƙara haɗarin ruɓewar hanji a irinsu. Kowane yaro a ɗakin nan ina so in ga abu uku a fuskar katinsa da rubutun da kowa zai iya karantawa: sunan ƙwayar, ranar da jininsa ya fara fitowa tsaf, da ranar da za a tsayar da magani tare da dalili. Duk wanda zai canja ranar nan, ko da tsakar dare ne, ya kira ni tukuna.