Alhaji, kafin ka zuba jarinka a tsofaffin injinan kiɗa

Wani ɗan kasuwa mai sayar da kayan wuta na hannu a Sabon Gari ya turo min tambaya, ga ta a taƙaice. Ya ce yana da naira miliyan biyar da ya ware, yaron shagonsa ya nuna masa a waya wani tsohon injin ganga mai suna Roland TR-808 ana sayar da shi dubban daloli, kuma yana da ƙani a Japan da zai iya nemo masa irinsu tare da tsofaffin kibod da samfula (injin ɗaukar guntun sauti a sake buga shi). Tunda situdiyo sun cika Zoo Road, in ya shigo da su zai samu ciniki?

Alhaji sannu da ƙoƙari, Allah ya ƙara buɗi. Amsata kai tsaye ita ce kar ka sa wannan kuɗin a wannan hajar da niyyar sayarwa a Kano. Farashin da yaronka ya nuna maka gaskiya ne ba ƙarya ba, amma masu biyan wannan farashin ba sa Zoo Road, suna Amurka da Jamus da Ingila da Japan ɗin kanta.

Bari in gaya maka abin da ya sa injin ya yi tsada, don in ka gane wannan sauran lissafin zai zo maka da sauƙi. Kamfanin Roland ya fitar da 808 a 1980 kan dala 1,195, kuma bai karɓu ba, makaɗan lokacin suka ce sautinsa bai yi kama da gangar gaske ba, suka fi son LM-1 na Roger Linn wanda ke ɗauke da sautin ganga na ainihi duk da ya ninka shi tsada. A 1983 aka daina ƙera shi bayan an yi kamar guda 12,000 kacal. Da ya faɗi sai ya koma shagunan gwanjo da araha, toh a nan ne samarin baƙaƙen fata marasa kuɗi suka dinga ɗauka, suka gano cewa wannan dukan mai zurfi da ke girgiza sifika babu mai yinsa sai shi, tun a 1982 ma makaɗin Amurka Afrika Bambaataa ya yi waƙar Planet Rock da shi, daga nan hip-hop ya riƙe shi har yau. Haka labarin TB-303 yake, an yi shi a 1981 don ya maye gurbin mai kaɗa gitar bes, aka daina a 1984, sai matasan Cikago suka murɗa maɓallansa suka fitar da wani sabon salon kiɗan rawa. Kaga kenan tsadar ta tarihi ce da ƙarancin kaya. Mai sayensa yau ko dai mai tara kayan tarihi ne, ko babban furodusa da ke son ya ce na asalin ne a ɗakinsa.

Yanzu ka shiga kowane situdiyo a Zoo Road ka leƙa teburin. Laftof ce ko kwamfutar tebur da manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio a ciki, ƙaramin kibod, makirfo ɗaya, sifika biyu, sai fiyano Yamaha PSR a gefe wanda shi ne ya raini kiɗan finafinanmu tun shekarun 1990. Sautin 808 ɗin da kake son ka sayar wa mai situdiyon yana cikin kwamfutarsa tuni, wani ma abokinsa ne ya tura masa a filash kyauta. Mai kawo masa aiki kuma amarya ce da ke son waƙar biki kafin ranar kamu, ko ɗan siyasa, ko sha'iri mai bege, ko yaro ɗan hip-hop da ya tara kuɗin waƙa ɗaya da ƙyar, babu wanda zai ƙara masa ko sisi don an buga gangar da injin 1980. Ka tambaye shi nawa yake karɓa a waƙa ɗaya, ka raba farashin injin da wannan kuɗin, za ka ga waƙa nawa zai yi kafin ya mayar da kuɗinsa, ga haya ga man janareta. Kuma ko da akwai mai sha'awar ya taɓa maɓalli da hannunsa, kamfanin Behringer sun fitar da RD-8 da TD-3 a 2019, kwaikwayon 808 da 303 ne sababbi fil a kwali kan 'yan ɗaruruwan daloli, Roland da kansu suna da TR-08 da TR-8S. Da waɗannan za ka yi gogayya, kai kana riƙe da kaya mai shekara arba'in ba garanti.

Sai maganar canji. Da dala ko yen za ka sayo, da naira za ka sayar. Kai ɗan kasuwa ne ka san abin da ya faru bayan an saki naira a Yunin 2023, daga ɗari huɗu da wani abu a farashin gwamnati ta wuce 1,500 a farkon 2024, duk wanda ya ajiye kaya a kanta wata shida ya sayar a tsohon lissafi bai iya sake sayo irinsa ba. Miliyan biyar ɗinka in ka kai ta Wapa ka canza, da ƙyar ta ɗauko 808 guda ɗaya mai lafiya, ba a zo maganar kuɗin jirgi da kwastan da kiliya ba. Jari duka a kan abu ɗaya, mai saye kuma ba ka san shi ba.

Abin da ya fi damuna ma shi ne lafiyar kayan, kuma a nan zan ɗan tsaya don nan ne kuɗin mutane ke narkewa. Kayan da aka yi don kasuwar Japan wuta mai ƙarfin bolt 100 suke sha, tamu 230 ce. Yaron shago ya jona kai tsaye don ya gwada wa kwastoma, ka ji ƙauri, shikenan an gama. Dole sai da taransifoma mai rage wuta, kuma ko da ita, irin yadda wutarmu ke hawa da sauka ga canji zuwa janareta, tsohon kaya ba ya jurewa sai da sitabilaiza mai kyau. Ga ƙurar hunturu da ke shiga cikin silaida da maɓallan murɗawa har su fara ƙara-ƙara, ga zafin Afrilu. Kowanne kuma da ciwonsa da aka san shi da shi. Kibod ɗin Juno-106 na 1984 yana da murya shida, wato sauti shida yake iya fitarwa a lokaci ɗaya, kowace da ɗan guntun cif ɗinta, kuma sun shahara da mutuwa, in za ka gwada shi kar ka yarda da minti biyu, ka kunna ka bar shi ya ɗau zafi kamar rabin awa sannan ka danna maɓalli shida ɗaya bayan ɗaya kana riƙe da su, in ɗaya ya yi shiru ko ya dinga tsatsa ko sauti ya maƙale bayan ka ɗaga hannu, toh akwai gyara a gabanka kuma cif ɗin sai an yi odarsa daga waje. Kibod ɗin Yamaha DX7 batir ne ɗan ƙarami a ciki da aka liƙa da dalma, in ya mutu duk sautukan da aka ajiye sun tafi. Samfula irin su SP-1200 na 1987 da MPC60 na 1988 da faifan fulofi suke aiki, yau ina za ka samu fulofi a Kano? Ana cire mazubin a sa mai karɓar filash, amma wannan ma wani kuɗin ne da wani gwanin. SP-1200 ɗin nan fa sakan goma kawai yake iya ɗauka na sauti, masu sonsa don kaushin sautinsa suke sonsa, furodusan da ya saba da kwamfuta ba zai ga dalili ba.

Kuma ba duk tsoho ne mai tsada ba, wannan ka gaya wa ƙaninka. DX7 da Korg M1 an sayar da su da yawan gaske, dubu ɗari da ɗoriya kowanne, don haka har yau ba su da wani farashi, DX7 kuma nauyinsa kilo 14 ne, kuɗin ɗaukarsa kaɗai zai cinye ribar.

To me za ka yi da kuɗin? Ni dai a ganina ka bar kaso mafi girma a hajar da ka sani take juyawa. Ka ɗau kamar miliyan ɗaya da rabi ka gwada kayan da situdiyo ke saye kullum, kibod na kwamfuta ƙanana, sawun-kad mai haɗa makirfo da kwamfuta, makirfo, hedifon, sifikun situdiyo, wayoyi da adafta, da PSR na hannu masu lafiya wanda makaɗan biki da coci-cocin da ke maƙwabtaka da kai a Sabon Gari ba sa daina nema. Kafin ka sayi ko ɗaya ka ɗau yini biyu ka zaga situdiyo da kanka, ka tambaye su me suke zuwa Alaba nema ko suke jira a kawo musu daga Legas, abin da suka faɗa shi za ka sayo. In wani ya ce lallai yana son injin ganga na hannu, ya ajiye rabin kuɗi ka yi masa oda, kar ka sayo ka ajiye kana jiran tsammani.

In kuma zuciyarka na kan tsofaffin nan, toh ka juya hanyar, ka saya a nan ka sayar a can. Ƙasar nan an shigo da kayan kiɗa sosai a shekarun 1970 da 1980, marigayi mawaƙi William Onyeabor a Inugu situdiyonsa cike yake da sintasaiza, wato kibod masu ƙirƙirar sauti, a wancan lokacin, kuma akwai tsofaffin ƙungiyoyin kiɗa da otal-otal da coci da har yanzu wani abu na jibge a sito ƙura ta rufe shi. Kai da kayan hannu ke biyowa ta shagonka, ka riƙe sunayen nan a kai, TR-808, TR-909, TB-303, Juno, Jupiter, SP-1200, MPC, duk abin da aka rubuta Moog. In ka yi dace, ka duba farashin da aka riga aka sayar a shafukan intanet na Reverb ko eBay, ba wanda mai kaya ya rubuta yana fata ba. Amma don Allah ka ji tsoron Allah a cinikin, in mai kayan bai san darajarsa ba kar ka karɓe a kuɗin bola, ka ba shi abin da zai yi farin ciki ko da ya ji labari daga baya, kuma in za ka sayar ka faɗi aibin kayan ƙarara, ka ɗau bidiyo yana aiki da lambar jikinsa a fili. Masu sayen nan sun san kayan fiye da mu, in ka ɓoye za su dawo maka da shi kuma kuɗin dawowar a wuyanka. Sannan ka tsara yadda kuɗin zai shigo hannunka tun kafin ka tura, nan ƙaninka zai yi maka amfani fiye da sayowa, ya karɓi kayan ya sayar a can ya turo maka, ku rubuta kason kowa a takarda ko da uwa ɗaya uba ɗaya kuke.

Wani abu kuma da ban ga ana yi sosai ba shi ne gyara. Ka nemi yaro mai hannu cikin masu gyaran rediyo da amfilifaya, ka ba shi kusurwa a shagonka da kayan aiki, ya koyi canza robar maɓallan PSR da gyaran wajen wuta da wanke silaida. Duk makaɗin da fiyanonsa ya tsaya ana gobe biki zai biya ba tare da dogon ciniki ba, kuma shi ne gobe zai dawo ya sayi adafta da waya a wajenka. In ka yi zagayen situdiyon ka turo min jerin abin da suka ce suna nema da farashin da ake ba su, sai mu zauna mu fitar da abin da za ka fara sayowa.