Shin Gado ta Wajen Uwa Yana Nufin Mulkin Mata?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina sayar da kayan miya a kasuwar Mile 12, kuma wata maƙwabciyata 'yar Ghana ta shaida mini cewa a al'adarsu ɗa ba ya gadon ubansa, kawunsa yake gada. Shin wannan yana nufin mata ne ke mulki a can, saɓanin mu da uba ke riƙe da gida? Daga wata mai karatu, Agege, Legas.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Gaskiya maƙwabciyarki ta faɗa, sai dai lissafa nasaba ta wajen uwa abu ne daban, riƙe mulki kuma wani abu ne daban. A wurin ƙabilar Ashanti ta Ghana yaro ɗan dangin uwarsa ne, ta nan yake samun gado da sarauta. Sarauniya uwar sarki, wadda suke kira Asantehemaa, ita ke gabatar da wanda zai hau karaga, kuma wata mai irin wannan muƙami a garin Ejisu, Yaa Asantewaa, ce ta jagoranci yaƙi da Turawan Ingila a 1900. Duk da haka wanda ke zaune a karagar namiji ne, kuma ikon da uba ke da shi a wurinmu yawanci kawu ne ke riƙe da shi a wurinsu. Tsarin yana da tasa matsalar, domin miji kan mutu dangin uwarsa su kwashe dukiya su bar matarsa da 'ya'yansa, abin da ya sa gwamnatin Ghana ta yi dokar gado a 1985 wadda ta ware musu kaso.

Misalin da ya fi jan hankalina shi ne mutanen Minangkabau na tsibirin Sumatra a Indonesiya, waɗanda Musulmi ne masu riƙo da addini. Gida da gonakin kakanni suna bin mata, daga uwa zuwa 'ya, miji ne ke tarewa a gidan matarsa, amma dukiyar da mutum ya nema da guminsa ana raba ta bisa shari'a, shugabancin dangi da limanci kuma na maza ne. Ribar mace a nan a fili take: ko aure ya mutu, ba ita za ta ɗaure kayanta ba.

Mu ma ba a rasa alamar hakan a harshenmu, tun da kusanci 'yan'uwantaka muke ce masa, gaba kuma 'yan'ubanci, ga kuma tarihin Daura da ya ambaci sarauniyoyi kafin zuwan Bayajidda. A nan Legas, inda Yarabawa ke lissafa gida ta wajen uba, kin fi ni sanin cewa babu ɗan kasuwar da ke wasa da maganar Iyaloja, wato macen da ke shugabantar 'yan kasuwa.