Ɗana wata uku, uwar mijina ta ce in ba shi ruwa saboda zafi

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Ɗana wata uku ke nan, nono zalla nake ba shi kamar yadda aka faɗa mana a wurin awo. Yanzu mun shiga zafin Afrilu a nan Sakkwato, kullum sai uwar mijina ta yi min magana, wai zalunci ne a hana jinjiri ruwa, ita da ta goyi takwas ba ta taɓa ganin haka ba. Ni ma in na ga leɓensa ya bushe sai zuciyata ta karaya. In ɗan ɗiga masa ko cokali ɗaya ne?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya raya mana shi. Kada ki ba shi, ko cokali ɗaya, sai ya cika wata 6.

Hajiya tana da gaskiya a abu guda: jariri yana jin ƙishi. Sai dai ruwansa yana cikin nononki, domin kusan kashi 88 cikin 100 na nonon uwa ruwa ne. Gobe da safe, kafin ya kama, ki tatsa kaɗan a tafin hannunki. Za ki ga na farkon tsararo ne, shi ke kashe ƙishi. Wanda ke biyo baya ya fi kauri da maiƙo, shi ke ƙosar da shi. Shi ya sa da zafi za ki ga yaro ya nemi nono, ya tsotsa minti biyu ya saki, an jima kaɗan ya sake nema. Shan ruwansa ke nan. Duk lokacin da ya nema ki miƙa masa, dare da rana, ke kuma ki ajiye kofin ruwanki kusa duk sa'ad da kika zauna shayarwa.

Cikinsa ƙarami ne. In ruwa ya cika shi sai ya rage tsotso, in tsotso ya ragu nononki ma sai ya ja baya. Abin da ya fi tayar min da hankali kuwa shi ne gudawa. Ruwan randa ko na rijiya da mu manya muke sha lafiya lau, hanjin ɗan wata uku bai iya ɗaukarsa ba, kuma gudawar ce take busar da yara a 'yan kwanaki. Ga ƙodarsa ba ta yi ƙwari ba, ruwa in ya yi yawa yana iya tsinka gishirin jininsa har ya kai ga jijjiga. Jiƙe-jiƙe ma a dakata. Zuma kuwa sai ya cika shekara.

Ki riƙa ƙirga fitsarinsa. In yana yi sau 6 ko fiye a kwana da yini, kuma bai yi ja ba, to ya wadata. Amma in maɗigarsa ta faɗa, idanunsa suka zurma, ko ya ƙi kama nono, ko jikinsa ya yi zafi, a ranar za ku tafi asibiti, kada a jira gari ya waye. Idan ma'aikacin lafiya ya ba shi ruwan gishiri da sukari ko magani, wannan daban ne, ki ba shi.

Batun Hajiya kuma, kada ki yi jayayya da ita, tausayin jikanta ne ya sa take magana. Ki roƙi maigida ya zauna da ita, sannan ranar awo ku tafi tare, ta tsaya a gaban sikeli ta ga nauyinsa da idonta, ta yi wa ma'aikaciyar jinya tambayoyinta da bakinta. In ya cika wata 6, ki tafasa ruwa ya huce, ki zuba a kofi mai tsabta, ki miƙa mata ita ta fara ba shi.