Rajista Kake Tambaya, Ni Takarda Nake Tambaya

Kai yaro, zauna. Ka ce matar nan da ta kawo littafinta madaba'armu a buga mata ta hana a taɓa shi sai an yi mata rajistar haƙƙin mallaka, wai in babu rajista kowa ma zai iya cewa nasa ne, shi ne kake so ka san inda ake yi. Ajiye wayar tukuna. Ba na magana da mutum kansa a sunkuye.

Ba haka abin yake ba. A dokar Nijeriya, ranar da ta rubuta littafin a takarda ko a kwamfuta, ranar ya zama nata, ba sai wani ofishi ya buga hatimi ba. Haka yake a dokar 1988 da muka yi aiki a ƙarƙashinta, haka yake a sabuwar ta 2022 da Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023. Abin da ke cikin kai ne doka ba ta karewa: in ta ba da labarin da baki, wani ya ji ya je ya tsara nasa da kalmominsa, sai haƙuri. Rajistar kuwa tana nan ga mai so. Hukumar haƙƙin mallaka ta ƙasa ce ke yi, NCC, kuma kar ka je min NCC ta layukan waya ka ba ni kunya, haruffan ne kawai suka zo ɗaya. Ta intanet ake cikewa, a tura kwafin aikin, a biya, a karɓi satifiket. Wannan ba zan tsaya koya maka ba, ku da ba ku da sana'a sai latse-latse. Amfaninsa shaida ne in an je gaban alƙali. Ta yi, kuɗinta ne.

Amma ni ba rashin satifiket ne ya cinye min jari ba.

A farkon shekarun 2000, lokacin da littattafan soyayya ke ci a Kano, dillalai na zuwa daga Sakkwato da Maiduguri har da Maraɗi, wani saurayi ya shigo min da rubutunsa a littattafan makaranta guda uku, ko kuɗin mota ba shi da shi. Ya ce in saye shi gaba ɗaya, yana so ya kai kayan lefe. Na karanta da daddare, na ga akwai labari, amma Hausarsa ko ɗan aji uku ba zai yi ta ba. Na biya shi lakadan a gaban mutum biyu, ya ce ya sallama min duniya da lahira, muka shafa fatiha. Ni na biya mai bugawa a kwamfuta, ni na zauna na gyara masa ƙa'idojin rubutu layi-layi, ni na sa aka zana bango, na fitar da fim ɗin bugu da farantansa, na hau injin bugu na Kord da kaina saboda ban yarda da hannun kowa ba. A lokacin nan a layinmu babu mai fitar da kala kamar ni, ka tambaya.

Littafi ya karɓu. Bugun farko ya ƙare, dillalai na binmu har gida. Na je na ɗauko takarda bashi, rim a kan rim, na yi bugu na biyu wanda ya ninka na farko. Ana cikin ɗinki sai ga wasiƙar lauya. Ashe yaron nan da ya ga kasuwa ta buɗe, ya lallaɓa ya sayar wa wani mai madaba'a littafin, da rubutacciyar yarjejeniya da sa hannu. Gyaran da na yi da hannuna shi suka kwashe, ko waƙafi ba su canza ba, bango kawai suka sake. Na kira shi, sai ya dube ni ido cikin ido ya ce ai bugu ɗaya ya yarje min. Shaiduna kuma, ɗaya Allah Ya yi masa rasuwa, ɗayan da ya ji an ambaci kotu sai ya ce shi ya manta yadda aka yi.

Na ɗauki nawa lauyan, da tunanin zuwa gaban alƙalin unguwa a rantsar da yaro. Lauyan ya ce Alhaji, shari'ar haƙƙin mallaka ta Babbar Kotun Tarayya ce. Sannan ya buɗe min doka ya karanta: sayar da haƙƙin mallaka, ko ba mutum izinin da shi kaɗai ne zai buga, ba ya tabbata sai a rubuce. Na baki, iyakarsa izini ne wanda ba ya hana mai littafi ba wa wani. Wato kuɗin da na zube, a idon doka, aron littafi na yi. Dillalai da suka ga kwafin wasiƙar suka riƙa dawo min da katan-katan. Littafin da na yi wa kwanan zaune, a sikeli na sayar da shi ga masu tsire da ƙosai, sai da na rabu da ƙaramin injina kafin na biya mai takarda. Yaron har yau in mun haɗu a ɗaurin aure yana miƙo min hannu. Ina karɓa, don addini.

Shi ya sa kake gani ko ɗan'uwana ne ya kawo aiki sai ya sa hannu. Ita wannan matar, kafin ka kunna inji, a rubuta: kuɗin bugu kawai take biya littafi na nan nata, ko izini ta ba mu, ko sayarwa ta yi? Kwafi nawa, bugu nawa, zuwa yaushe? Farantan bugu hannun wa za su zauna? Mai zanen bango ma ka sa shi ya rubuta ya sallama, don zanen nasa ne ko da an biya shi, in dai ba a yi yarjejeniyar akasin haka ba. Kuma ka shigar da aikin a babban littafin nan na kan teburi, sunan marubuci da sunan littafi da shekara da adadi. Doka ce ta ɗora wa masu ɗab'i ajiye shi, ba ƙawa ba ne, ranar da jami'an hukumar suka shigo shi za su fara tambaya.

Lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi da ake bugawa a bayan bango, daga Ɗakin Karatu na Ƙasa ake karɓa, ba ta ba kowa mallaka. Izinin hukumar tace fina-finai da ɗab'i ta Kano ma wani abu ne daban. In ba ka san waɗannan ba, ban san me kake yi a shagon nan ba.

Ka kuma daina yarda da masu zuwa da tsohon littafi su ce ai mai shi ya mutu. Haƙƙin littafi yana nan tsawon ran marubuci da ƙarin shekara 70 bayan rasuwarsa, magada ne ke riƙe da shi. Fim da sautin da aka naɗa su ne shekara 50 daga fara fitar da su. Abokanka da ke ɗaukar hoton littafin mutane shafi-shafi suna zubawa a WhatsApp wai taimako suke yi, sabuwar dokar ta shafe su, har mai littafi na iya sa a sauke abinsa daga intanet. Mu a zamaninmu ɓarawon littafi sai ya sayi takarda da tawada, ku ko wannan wahalar ba kwa sha.

Ka ce mata ta zo bayan la'asar da shaida ɗaya, mai ƙuruciya, wanda ya iya sa hannu. Fom ɗin yarjejeniya na cikin durowa ta ƙasa, ka buga kwafi biyu, kuma kar ka ɓata min takarda mai kauri.