Amsa ga Injiniya kan abin da zai maye gurbin ring a bim

Assalamu alaikum jama'a. Injiniya, ranka ya daɗe, na saurari tambayarka, wai akwai abin da za a sa a bim maimakon ring ɗin rodi, wato lanƙwasassun rodin da ke zagaye dogayen rodin bim? Akwai. Amma tuna aikin ring ɗin tukuna. Tsagar da yake tarewa ita ce wadda ke tasowa a karkace kusa da pila, wajen digiri 45, kuma ita ba ta sallama. Bim ɗin da nauyi ya lanƙwasa a tsakiya zai sunkuya ka gani. Tsagar karkacen nan kuwa sai dai a ji ƙara.

To, akwai gashin ƙarfe, ƙananan wayoyin nan masu ƙugiya a baki da ake zubawa cikin kwaɓin kankare. Dokar ginin kankare ta Amurka, ACI 318, ta yarda da su tun 2008, amma a madadin mafi ƙarancin ring kawai, aƙalla kilo 60 na gashin a kowace kubik mita ta kankare, kuma zurfin bim kar ya wuce milimita 600. Ba wai ka kwashe ring ɗin da lissafi ya buƙata ba, a'a. In mai kwaɓi bai iya ba ma, sai su dunƙule wuri guda, an yi asara.

Sai rodin zaren gilas, GFRP. Ba ya tsatsa, shi ya sa ake son sa a gadoji da gine-ginen bakin teku. Ni dai ga inda nake tsoronsa: ring ai lanƙwasa ne gaba ɗayansa, shi kuma a wurin lanƙwasar ƙarfinsa ke zubewa, yakan kai rabi. Ba a lanƙwasa shi a wurin aiki, daga masana'anta yake zuwa a siffarsa. Taurinsa bai wuce wajen kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfe ba, tsaga ta fi buɗewa, dole a matso da ring kusa-kusa. Kuma ba ya miƙewa kamar ƙarfe, tsinkewa yake kawai.

Gora kuwa, don Allah a bar ta. Tana shan ruwan kankare ta kumbura, in ta bushe ta motse, shi ke nan ta saki.

In kuma tsohon bim ne ya fara tsagewa, wannan wata maganar ce, naɗe shi ake da zanen kabon a manna da epoxy, wani gam mai ƙarfi. Turo mini tsawon bim ɗin da nauyin da zai ɗauka, mu duba tare.