Tambaya da Amsa: Gem ɗin 'yan sanda na bindigar roba

Wannan makon saƙonnin da suka shigo kusan duk akan abu ɗaya suke, wato tsofaffin gem ɗin nan na 'yan sanda da ake riƙe bindigar roba ana harbin allo, to bari mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Tambaya: Assalamu alaikum malam, dan Allah akwai wani gem da muke bugawa muna yara, kai ɗan sanda ne kana harbin 'yan ta'adda, idan mutum ya leƙo sai wani zobe ya kewaye shi yana canza kala, idan harsashi ya ƙare kuma sai ka kauda bindigar gefe ka harba. Abokina yace Lethal Enforcers ne amma ni hankalina bai kwanta ba.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan uwa. Abokinka ya kusa amma bai dace ba, wannan zoben da ka ambata shi ya raba gardama, Virtua Cop kake nufi. Kamfanin Sega na Japan ne ya fitar da shi a 1994, sashensu da ake kira AM2 ƙarƙashin Yu Suzuki, akan injin Model 2 wanda shi ne dai ya ɗauki Daytona USA da Virtua Fighter 2. 'Yan sandan su biyu ne, Michael Hardy da ake ma laƙabi da Rage da kuma James Cools wato Smarty, a wani gari na ƙirƙira mai suna Virtua City.

Shi Lethal Enforcers na Konami ne kuma ya girme shi da shekara biyu, 1992 ya fito, kuma da ido ma zaka gane bambancin domin shi hotunan mutane na gaske aka ɗauka aka saka a ciki, suna leƙowa a shafe kamar an yanko su daga takarda, shi kuwa Virtua Cop mutanen an gina su ne da kwamfuta, suna da gaba da baya da gefe, shi yasa inda ka harbi mutum nan yake nunawa, ka same shi a ƙafa ya durƙushe, ka same shi a kafaɗa ya juya ya faɗi. Abin harba gefe don cika harsashi kuwa dukkansu suna da shi, ina ganin nan ne abokinka ya haɗa su.

Zoben nan ni a wajena shi ne ran gem ɗin gaba ɗaya. Yana farawa kore, ya koma ɗorawa yana matsewa, idan ya zama ja to an harbe ka. Kaga kenan ba wai ka buɗe wuta kan duk abin da ya motsa bane, harsashi 6 ne kacal a bindigar, mutum uku sun fito lokaci guda, dole cikin ƙiftawar ido ka duba wanene zobensa ya fi kusa da ja ka fara da shi, ana cikin haka sai ga wani bawan Allah farar hula ya ratso tsakiya hannu a sama yana ihu, ka kuskura ka taɓa shi an cire maka rai ɗaya kamar kai aka harba. Sannan ga abin da suke kira Justice Shot, wato ka saita hannun da ke riƙe da makami ka harbo bindigar ta faɗi, sai a ƙara maka maki. Wallahi har yau ina jinjina ma wanda ya kawo wannan tunanin, gem na harbi amma gwanin cikinsa shi ne wanda ya iya riƙe yatsarsa. Waɗanda suka yi GoldenEye 007 na Nintendo 64 a 1997 ma sun faɗa da bakinsu cewa daga Virtua Cop suka ɗauko abubuwa da dama.

Tambaya: Malam na samu tsohuwar na'urar gem ta Sega Saturn da bindigarta da faifan Virtua Cop, na jona da filasma ta, gem yana tashi lafiya lau amma bindigar ko gezau, ta lalace ne in jefar?

Amsa: Kar ka jefar dan Allah, mai yiwuwa lafiyarta ƙalau, talabijin ɗinka ce bata dace da ita ba. Mutane da yawa suna ɗauka bindigar ce take harba haske zuwa allo, alhali ita karɓa take yi, akwai wani ɗan ido a cikin bakinta mai jin haske. Tsohuwar talabijin mai ƙaton bayan nan bata nuna hoto gaba ɗaya lokaci guda, wani ɗigon haske ne yake gudu yana zana shi layi layi daga sama zuwa ƙasa, sau 50 ko 60 a daƙiƙa ɗaya, idonmu ne baya iya kamawa. To da ka danna kunama sai allon yayi fari fat na ɗan ƙiftawa, idan ka tuna ai kana ganin wannan walƙiyar duk harbi, a lokacin ne idon bindigar yake jiran ɗigon ya wuce ta inda ka saita, na'urar kuma tana ƙirga lokacin da ya ɗauka tun daga farkon zanen, da wannan lissafin take gane daidai inda ka nufa. Ita filasma da sauran na zamani babu wannan ɗigon mai gudu, kuma sukan ɗan jinkirta hoton kafin su nuna, sai lissafin ya rushe.

Mafita mafi sauƙi ka nemi tsohuwar talabijin ko ƙarama ce, ka rage hasken ɗaki, kar rana ta bugi gilashin, ka goge bakin bindigar, ka shiga wajen saiti ka daidaita ta. In kuma a kwamfuta kake so akwai bindigogin zamani kamar Sinden mai kyamara a ciki, tana aiki da farin layi da ake zagaye allo da shi, wasu kuma da hasken da ido baya gani suke aiki irin na rimot ɗin na'urar gem ta Wii.

Tambaya: Ni uwa ce, yarona ya samu Virtua Cop 2 a kwamfuta yana ta bugawa da maus, raina bai so harbe harben nan ba, in hana shi ne?

Amsa: Hajiya damuwarki a kan hanya take, kuma ba ke kika fara ba. A Disamban 1993 majalisar dattawan Amurka ta zauna akan tashin hankali a gem, sanatoci Joe Lieberman da Herb Kohl suka jagoranta, Lethal Enforcers na cikin waɗanda aka tattauna tare da Mortal Kombat da Night Trap, har bindigarsa ta gida mai suna Justifier aka ɗaga aka nuna, daga nan ne aka kafa hukumar ESRB a 1994 mai saka ma gem alamar shekaru. Shi Virtua Cop 2 na 1995 ne, ba mai zubar da jini bane, wanda aka harba faɗuwa yake ya ɓace, kuma yana hukunta yaro duk sanda ya taɓa marar laifi, har 'yar sanda mace aka ƙara a ciki, Janet Marshall. Amma dai harbi harbi ne, ke kika san ɗanki da shekarunsa. Shawarata ki zauna kusa da shi ki kalli zagaye ɗaya da idonki, ki yanka masa lokaci, idan kinga yana kwaikwayo akan ƙannensa ko barcinsa ya rikice to ki ɗauke ba sai kin jira kowa ba.

Tambaya: Tsakanin Virtua Cop da Time Crisis wanne yafi?

Amsa: Time Crisis na Namco, 1995, ya zo da feda, ka taka ka fito kayi harbi, ka saki ka ɓuya harsashi ya cika, ga agogo yana ta cinka, ba ƙaramin daɗi ne da shi ba kuma jiki yafi motsawa. Amma na farkon mutum ɗaya ne ke bugawa, sai a na biyu aka samu na mutum biyu, shi kuwa Virtua Cop tun ranar farko kai da abokinka ne kafaɗa da kafaɗa, kana cika harsashi yana tsare maka. Ni Virtua Cop zan ɗauka, musamman na biyun saboda bin motar nan da ke matakin farko.