Batun maganin ƙaninka da sa rana

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce dangi na so ƙaninka ya ajiye maganin da likita ya ɗora shi a kai na barin tiramol da kodin kafin a sa rana, kada surukai su ji wajen bincike, kana tambaya ko haka al'ada ta ce.

Al'ada ba ta ce haka ba. Abin da ta sani shi ne waliyyi ya gaya wa waliyyi gaskiya a zaure, magana ta tsaya tsakaninsu. Wannan ne rufin asiri.

Ga abin da dangi ba su gane ba. Methadone ko buprenorphine, wato magungunan da likita ke ɗora mai barin ƙwaya a kai, ba maganin zazzaɓi ba ne da ake gamawa cikin kwana uku; watanni ake yi, wani ma shekaru. Wanda ya yanke rana ɗaya, cikin 'yan kwanaki hamma, zufa, gudawa, ciwon gaɓoɓi da rashin barci za su taso masa, ya koma wajen mai ƙwaya. A nan ajali yake: jiki ya riga ya saki sabo, adadin da a da yake sha ba ya ko layi yanzu zai iya tsayar masa da numfashi. Makonni huɗun farko bayan an daina sun fi haɗari. Tiramol kuma har farfaɗiya take jawowa.

Yawancin masu gudun maganin tun farko ba taurin kai ba ne. Methadone da kaɗan ake farawa, bai wuce miligiram 30 ba, alhali yawanci sai ya kai 60 zuwa 120 yake riƙe mutum, sai yaro ya ce ba ya aiki. Buprenorphine kuwa idan aka sa shi ƙarƙashin harshe kafin ƙwayar baya ta fara sakin jiki, shi da kansa yake tayar da ciwon. Sannan ga kuɗin mota daga ƙauye zuwa Kano, ga noman damina, ga kunyar layin asibiti inda kowa ya san ɗan gidan wane ne. Masu cewa an sauya ƙwaya da ƙwaya su ma suna karya masa gwiwa.

Tofi da rubutu a ci gaba, ba sa faɗa da magani. Gidan mari kam kada a soma. Da azumi a nemi likita ya mayar da sha zuwa sahur ko buɗa-baki.

In har za a rage, likita ne zai rage kaɗan-kaɗan, kuma ba a tsakiyar hidimar biki ba. Kai za ka riƙa raka shi ranar karɓa. Batun surukai kuwa ka bar mini, ni zan je wurin waliyyin yarinyar bayan Juma'a.